Kalkuletar Kimiyya a Waya: Yadda Ake Sa Ta Aiki, da Wuraren da Amsa Ke Karkacewa

Kusan duk wayar zamani, ko Tecno ce, ko Infinix, ko Samsung, ko iPhone, kalkuleta biyu take zuwa da su a cikin manhaja ɗaya. Ta farko kowa ya san ta: tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa. Ta biyun a ɓoye take, ita ce mai sin, cos, tan, log da alamar √, irin aikin da kalkuletar hannu ta Casio fx-991ES ke yi wa ɗalibin sakandare. Ba ɗalibi kaɗai take wa amfani ba. Kafinta mai buga rufi, da mai walda da ke haɗa tanki, da ɗan kasuwa mai fitar da haraji, duk suna da rabonsu a cikinta.

Kafin ka danna komai, ka san halinta. Ba ta kuskuren lissafi, amma ba ta san abin da ke ranka ba. Abin da ka danna shi take lissafawa, kuma da wuya ta ce maka ka yi kuskure. Sai dai ta miƙo maka lamba mai tsawo, tsaf-tsaf, alhali amsar wata tambaya ce daban da wadda kake nufi.

Fito da ita

A yawancin wayoyin Android, ka buɗe kalkuleta, ka kwantar da wayar a gefenta, sai maɓallan kimiyya su bayyana. In ba su fito ba, juyawar allo ce a kashe: jawo saman allo ƙasa, ka kunna alamar juyawa. A manhajar Google akwai 'yar kibiya kusa da layin maɓallai na sama da ke buɗe sauran ba sai ka juya wayar ba, Samsung kuma tana da ɗan hoto mai alamar √ da π. A iPhone, da juya waya ake yi, amma daga iOS 18 da ta fito a 2024 an sa maɓalli mai hoton kalkuleta inda za ka zaɓi ta kimiyya.

Wadda ta zo da waya ta isa aikin yau da kullum. Mai bukatar lissafin kashi-kashi, irin su 3/8, ko nCr na ƙirga hanyoyin zaɓi, ko maɓallin digiri da minti, sai ya sauke wata. HiPER, RealCalc, Desmos da GeoGebra sanannu ne. Bayan ka sauke, kashe data ka gwada. Kalkuletar kirki ba ta bukatar intanet. In ta nemi izinin shiga lambobin mutanenka ko hotunanka ko sanin inda kake, goge ta. Da ma akwai manhajoji masu fuskar kalkuleta waɗanda ainihin aikinsu ɓoye hotuna ne, ba su kake nema ba.

Sai gwaji ɗaya na sanin irin wadda ke hannunka. A wasu, sin ake fara dannawa sannan 30. A wasu, kamar RealCalc da tsohuwar kalkuletar iPhone, 30 ake fara sawa sannan a danna sin. Misalan da ke tafe an rubuta su ne a tsari na farko, inda duk abin da ka danna yake fitowa a layi ɗaya kana gani. Shi ya fi sauƙin gano kuskure.

DEG da RAD

Nan aka fi faɗuwa. Ana auna kusurwa da ma'auni fiye da ɗaya. Digiri shi ne wanda aka saba da shi, da'ira tana da 360. Radiyan kuma shi ake amfani da shi a lissafin manyan makarantu, inda digiri 180 yake daidai da π, wato 3.1416. Radiyan ɗaya ya kai kusan digiri 57.3. Kalkuleta tana kan ɗaya daga cikinsu a kowane lokaci, kuma ba za ta tambaye ka ba.

Danna sin(30). In ta ba ka 0.5, kana kan digiri. In ta ba ka −0.988, kana kan radiyan, ta ɗauki 30 ɗin nan a matsayin kusurwar da ta kai digiri 1,719. In kuwa 0.454 ta fito, kana kan na uku, GRAD, wanda ya raba da'ira 400. Da wuya ka bukace shi.

Kada ka dogara da rubutun da ke jikin maɓallin. A wasu manhajojin, in maɓalli yana nuna Rad, yana nufin kana kan radiyan. A wasu kuma yana nufin in ka danna shi ne za ka koma radiyan. Gwajin sin(30) ba ya ruɗu, kuma daƙiƙa biyu ne. Ka yi shi duk lokacin da ka buɗe manhajar za ka yi aikin kusurwa, don yatsa yana iya taɓa maɓallin ba ka sani ba, musamman da yake a matse suke a allo.

Ga yadda abin yake a wurin aiki. Gini ne mai faɗin mita 8, ana son rufi mai gangara biyu, kowace ta tashi da digiri 25. Rabin faɗin mita 4 ne. Tsayin tsakiyar rufin shi ne 4 × tan(25), amsa mita 1.865. Tsawon katakon da zai taso daga bango zuwa ƙololuwa kuma 4 ÷ cos(25), amsa mita 4.41, ban da abin da za a bari ya zarce bango. Da kalkuletar na kan radiyan, tsayin nan −0.534 zai fito. Wannan da sauƙi, domin kowa ya san rufi ba ya yin ƙasa da sifili. Haɗarin yana inda amsar radiyan ta fito ba alamar ɗebewa, kamar tan(45) da ke ba da 1.62 maimakon 1. Irin wannan shi ke wucewa ba a lura ba.

In kuma tsayi ka sani, kusurwa kake nema, sai ka juya lissafin. Danna maɓallin INV, ko 2nd, ko SHIFT, gwargwadon manhajarka, sai tan ta koma tan⁻¹. Rufi mai tsayin mita 1.5 a kan rabin faɗi mita 4: tan⁻¹(1.5 ÷ 4), amsa digiri 20.556. Ka lura, sin⁻¹ ba ɗaya take da 1 ÷ sin ba. sin⁻¹(0.5) shi ne 30, amma 1 ÷ sin(30) shi ne 2. Kuma 20.556 ba digiri 20 da minti 55 ba ne. Minti 60 ne a digiri, don haka 0.556 × 60, wato kusan minti 33. Haka lokaci ma: awa 2 da minti 45 a kalkuleta 2.75 ne, ba 2.45 ba.

Baka ita ce rabin aikin

Ƙaramar kalkuletar shago daga hagu zuwa dama take bi, tana lissafawa kana dannawa. Ta kimiyya kuwa tana da tsarin fifiko: abin da ke cikin baka tukuna, sai ƙaramar lambar sama (irin ta x²) da tushe (√), sai ninkawa da rabawa, tarawa da ɗebewa su zo ƙarshe. Shi ya sa 2 + 3 × 4 a ta shago 20 ne, a ta kimiyya 14. Ta kimiyyar ce ke kan ƙa'ida.

Ɗauki matsakaicin maki uku, 45 da 60 da 75. In ka danna 45 + 60 + 75 ÷ 3 za ka ga 130, domin 75 kaɗai ta raba. Daidai shi ne (45 + 60 + 75) ÷ 3, amsa 60. A takarda, dogon layin da ke raba sama da ƙasa shi ke haɗa lambobin wuri ɗaya. A layin kalkuleta babu shi, baka ce ke tsaya masa. Duk abin da ke saman layi ka kewaye shi da baka, duk abin da ke ƙasa ma haka, in dai ya wuce lamba ɗaya.

Tambayar 2x² − 7x + 3 = 0 ta tattara tarko uku a wuri guda, don haka bari mu bi ta a hankali da ƙa'idar nan da aka haddace a aji huɗu, x = (−b ± √(b² − 4ac)) ÷ (2a), inda a = 2, b = −7, c = 3.

Na farko, b². In ka danna −7² amsa −49 ce, ba 49 ba, saboda kalkuleta tana fara ninka 7 da kanta sannan ta maƙala alamar ɗebewa. Sai lissafinka ya zama −49 − 24, wato −73, kuma lambar da ke ƙasa da sifili ba ta da tushe a lissafin sakandare. Allo zai nuna kuskure, ɗalibi ya rubuta cewa tambayar ba ta da amsa. Abin da ake dannawa shi ne (−7)².

Na biyu, alamar √. A manhajoji da yawa lambar da ke gabanta kawai take kamawa. Sai ka buɗe mata baka: √((−7)² − 4 × 2 × 3), amsa 5.

Na uku, 2a da ke ƙasa. (7 + 5) ÷ 2 × 2 zai ba ka 12, domin ta raba da 2 sannan ta ninka da 2. Daidai shi ne (7 + 5) ÷ (2 × 2), amsa 3. Ɗaya amsar kuma (7 − 5) ÷ (2 × 2), wato 0.5. Ka mayar da 3 cikin tambayar ka gani: 2 × 9 − 21 + 3 ya ba da sifili. Wannan mayarwar ita ce shaidar da ta fi kowace.

Magini ma yana gamuwa da na biyun. Ɗaki mai mita 3.6 da 4.2, ana son a tabbatar kusurwoyinsa sun cika digiri 90 kafin a ɗora bulo. Igiyar da za a ja daga lungu zuwa lungun da ke fuskantarsa ya kamata ta zama √(3.6² + 4.2²), mita 5.53. In aka manta bakar, 21.24 zai fito.

Akwai kuma bakar da manhaja ke buɗewa da kanta. Kana danna sin, sai ta rubuta sin( tana jiran ka rufe. In kana son sin 30 a tara da 1, ka danna sin(30 + 1 ba ka rufe ba, sin na 31 ta lissafa, 0.515, maimakon 1.5. Haka sin²30 na littafi: (sin(30))² ake dannawa, amsa 0.25. In ka sa sin(30²), kusurwar ta zama 900, amsa sifili.

Wani abu da masu ƙera kalkuleta su kansu ba su daidaita a kai ba shi ne ninkawa ba tare da alamar × ba. Danna 6 ÷ 2(1 + 2) a kalkuletoci daban-daban, wata za ta ce 9, wata ta ce 1. Haka 1 ÷ 2π: wata 1.571, wata 0.159. Ana ta gardama a kan wannan a kafofin sada zumunta, kuma ɓata lokaci ne. Rubutun ne mai harshen damo. Sa × da hannunka, ka sa baka inda kake nufi, magana ta ƙare.

Manyan lambobi da ƙanana

In amsa ta fito 6.02E23, E ɗin nan na nufin "sau 10 mai 23 a samansa", wato 6.02 × 10²³. In 2.5E−4 ce, 0.00025 ke nan. Wanda ya kwafi 2.5 ya bar wutsiyar ya ninka amsarsa sau dubu goma. Wannan babbar E ba ita ce ƙaramar e ta jikin maɓalli ba. Waccan lamba ce, 2.718.

Maɓallin shigar da irin waɗannan lambobi sunansa EXP, ko EE a iPhone, ko ×10ˣ a masu kwaikwayon Casio. Da ma 10 ɗin yana cikinsa. Saboda haka 6.02 EXP 23 ake dannawa. Mai danna 6.02 × 10 EXP 23 ya sa goma sau biyu, sai amsarsa ta zama 6.02 × 10²⁴.

Amfaninsa ya fi fitowa wajen rabawa. Ana son a raba 6 × 10⁸ da 2 × 10⁴. Da EXP: 6 EXP 8 ÷ 2 EXP 4, amsa 30,000. In da dogon hannu ka rubuta, 6 × 10^8 ÷ 2 × 10^4, to 10⁴ na ƙarshe ninkawa ya yi ba rabawa ba, amsa ta tashi zuwa 3 × 10¹². In manhajarka ba ta da EXP, kewaye kowace lamba da bakarta.

Wani lokaci kuma inda kake tsammanin sifili, kamar sin(π) a radiyan, wasu manhajojin su nuna abu irin 1.2E−16. Sifili ne. Ɗan ragowar da kwamfuta ke bari ne saboda ba ta iya riƙe π har ƙarshensa.

log da ln maƙwabta ne a allo, amma ba ɗaya ba ne. log a kan 10 yake: log(100) = 2. ln a kan e yake: ln(100) = 4.605. A kemistiri, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, da log ake nema. Ruwan da H⁺ ɗinsa ya kai 2.5 × 10⁻⁴, sai ka danna −log(2.5 EXP −4), amsa 3.60, ruwa mai tsami ke nan. Da ln ka danna, 8.29 za ka samu, ka mayar da mai tsami mai kanwa-kanwa. In ana son log a kan wata lamba, raba kawai: log na 8 a kan 2 shi ne log(8) ÷ log(2), amsa 3. Komawa baya daga log kuma 10ˣ ne, yana ƙarƙashin INV.

Kuɗi, tanki da kashi cikin ɗari

Maɓallin % ba shi da amana, domin kowace manhaja da yadda take fassara shi. 5000 + 7.5% a kalkuletar waya yawanci 5,375 ne, amma a irin su fx-991ES da masu kwaikwayonta 5,000.075 ne. Ka bar shi, ka yi ninkawa. Harajin VAT a Najeriya ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a 2020, don haka ƙara shi a kan farashi shi ne × 1.075. Cire shi daga farashin da ya riga ya shiga kuma rabawa ce: 5375 ÷ 1.075 = 5,000. Masu ɗebe kashi 7.5 daga 5,375 suna samun 4,971.88, kuma ba daidai ba ne, saboda harajin a kan 5,000 aka ɗora shi tun farko. Zakkar kuɗi, ga wanda dukiyarsa ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo, ɗaya bisa arba'in ce, ko ka raba da 40 ko ka ninka da 0.025: naira miliyan 20 za ta fitar da 500,000.

Abin da ke hauhawa shekara bayan shekara, maɓallin xʸ ko ^ ke yin sa. A ce kaya na naira 100,000 yana ƙaruwa da kashi 20 kowace shekara. Bayan shekara 3 ba 160,000 ba ne, 100000 × 1.2^3 ne, wato 172,800, domin ƙarin kowace shekara a kan sabon farashi yake hawa.

Tanki mai zagaye, faɗin bakinsa mita 1.2, tsayinsa mita 1.5: π × 0.6² × 1.5 = 1.696, a ninka da 1,000, lita 1,696 ke nan. Rabin faɗin ake sawa. Wanda ya sa 1.2 gaba ɗaya zai samu lita 6,786, ninki huɗu. Kuma a mayar da duk awo zuwa mita kafin a fara; in ɗaya yana santimita ɗaya yana mita, kalkuleta ba ta da hanyar sani. Yi amfani da maɓallin π, ba 22/7 ba, sai in tambayar jarrabawa ce ta ce a yi da 22/7.

Kada ka datse lamba a tsakiyar lissafi. 10 ÷ 7 shi ne 1.428571 da sauransu. In ka rubuta 1.4 a takarda ka ninka da 350,000 za ka samu 490,000, alhali amsar gaskiya 500,000 ce. Maɓallin Ans yana riƙe amsar baya da dukkan lambobinta. A yawancin manhajoji ma da ka danna × bayan amsa ta fito, da ita za ta ci gaba. Ga lissafi mai rassa akwai M+ na ajiyewa, MR na dawo da abin da aka ajiye, MC na sharewa. Share shi kafin sabon aiki, domin M+ tarawa yake yi a kan abin da ya tarar. Yawancin manhajoji kuma suna ajiye tarihin lissafi, a ta Google jawo allon amsa ƙasa ake yi. Nan za ka ga ainihin abin da yatsanka ya danna.

Masu maɓallin kashi-kashi suna ba da amsa yadda take a littafi. Sumuni da sudusi, 1/8 + 1/6, za su fito 7/24, maɓallin S⇔D kuma ya mayar da ita 0.2917. Mai rabon gado zai ji daɗin wannan, ko da yake sanin wa ke da sumuni wa ke da sudusi aikin malamai ne, ba na waya ba.

Ɗigo ko waƙafi? Wannan ya danganta da harshen da aka saita wayar. A Najeriya da Gana, 1.5 ɗaya da rabi ne, 1,500 kuma dubu ɗaya da ɗari biyar. Wayar da ke kan Faransanci, kamar yadda aka fi yi a Nijar da Chadi da yawancin Kamaru, waƙafi take sawa a wurin ɗigo, sai 1,500 ya zama ɗaya da rabi. Mai ciniki tsakanin Katsina da Maraɗi, in aka turo masa hoton lissafi, ya duba wannan kafin ya tura kuɗi.

In allo ya nuna kuskure

Dalilan ba su da yawa: rabawa da sifili, tushen lambar da ke ƙasa da sifili, log na sifili ko abin da ke ƙasa da shi, tan(90) a digiri, ko sin⁻¹ da cos⁻¹ na lambar da ta wuce 1. Wannan na ƙarshen yawanci alama ce ta cewa ka juya rabawar, ka sa dogon gefe a sama. In ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne, to rubutun ne: baka ba a rufe ba, ko alamomi biyu sun haɗu, ko kuma a masu kwaikwayon Casio ka sa maɓallin ɗebewa inda ake son (−) na lambar ƙasa da sifili. Ba sai ka share duka da AC ba. Taɓa wurin da kuskuren yake a layin, ka goge harafi ɗaya da DEL ko ⌫, ka gyara.

Ga mai shirin jarrabawa, WAEC da NECO da JAMB duk ba sa barin a shiga da waya. A JAMB ma 'yar kalkuletar da ke kan allon kwamfuta ce kawai ake da ita. Don haka in da waya kake bita a gida, ka zaɓi manhajar da maɓallanta suka yi kama da kalkuletar hannun da za ka riƙe ranar WAEC ko NECO, kuma makonnin ƙarshe ka koma kan ta hannun gaba ɗaya. A fx-991ES, sauya digiri da radiyan ba maɓalli ɗaya ba ne kamar a waya: SHIFT ake dannawa, sai MODE, sannan 3 don digiri ko 4 don radiyan, kuma ƙaramar D ko R a saman allonta ita ke nuna inda kake.